Wa ke ciyar da ɗalibi? Tarihin zaman ƴaƴan ƙasar Madarunfa a jami'a daga 1971 zuwa yau

Gabatarwa

Duk lokacin da aka taso da tarihin ɗaliban jami'a a Nijar, abin da ake fara tunawa shi ne yajin karatu da zanga-zanga, musamman ta ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai. Wannan ba laifi ba ne, domin ranar ta sauya tafiyar ƙasar baki ɗaya. Sai dai ɗalibi bai yi shekarun karatunsa a kan gada ba. Mafi yawan kwanakinsa ya yi su ne tsakanin aji da ɗakin kwana da layin abinci da inuwar da ake dafa shayi. Wannan zama na yau da kullum shi muke so mu duba a cikin wannan maƙala.

Mun zaɓi mu bi sawun ƴaƴan yanki guda, wato ƙasar Madarunfa da ke kudu da Maraɗi, wadda ta haɗa da Ɗan Isa da Jiratawa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma. Dalilanmu biyu ne. Na farko, ƙasa ce ta manoma da ke bakin iyaka da Katsina, saboda haka duk abin da ya taɓa damina ko naira sai an ji shi a aljihun ɗalibinta. Na biyu, kusan shekara 40 jami'ar gwamnati ta yi tana nesa da wannan yanki da fiye da kilomita 600, sannan a shekarar 2010 ta dawo tazarar da ba ta kai kilomita 30 ba daga garin Madarunfa. Tambayar da za mu riƙe ita ce: wa ke ciyar da ɗalibi? Muna ganin amsarta ta sauya daga zamani zuwa zamani, kuma duk lokacin da ta sauya, yadda ɗalibi ke karatu da abota da nishaɗi da siyasa shi ma yakan sauya.

1. Hanyar da ke kai yaro jami'a

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa almajirai na tafiya Katsina da Kano da Zariya da gabas, kuma kaburburan waliyyai 99 da ake ziyara a kewayen tabkin Madarunfa na nuna darajar da jama'a ke bai wa malanta. Almajiri na da tsarin cin abincinsa da kowa ya sani: malami, da uwar ɗaki, da ƙoƙon bara, da aikin gona. Lakkwal ta zo da wani tsari dabam, wanda a cikinsa hukuma ce ke zaɓen yaro, ta kuma ɗauki nauyinsa idan ya yi nisa.

Yaron ƙauye da ya ci jarrabawar firamare sai ya bar gida ya tafi kwaleji, daga nan ya wuce Maraɗi, zuwa lise Ɗan Baskore ko lise ta fasaha Ɗan Kasawa. Wanda bai samu ɗakin kwana na makaranta ba, sai a damƙa shi ga mai masauki: wani kawu, ko abokin ciniki na mahaifinsa, ko Alhajin da ƴan garinsu ke sauka gidansa. Yakan ɗebo ruwa, ya je aike, ya koya wa yaran gidan karatu da dare, a ba shi tuwo da tabarma a zaure. Ke nan tun kafin ya ci bak ya riga ya koyi zama a ƙarƙashin wani, ya kuma san ƴan garinsu da ke cikin hali irin nasa. Wannan sanayya ta lise ita ce harsashin abotar da za mu gani a jami'a.

Kafin 1971 wanda ya ci bak sai ya ƙetare iyaka, zuwa Dakar ko Abijan ko Faransa. Yajin ɗaliban Dakar na watan Mayu 1968, wanda ya sa hukumomin Senegal suka mayar da baƙin ɗalibai ƙasashensu, na cikin abubuwan da suka nuna wa gwamnatocin yankin cewa dogaro da jami'ar maƙwabta na da haɗari. A shekarar 1971, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana wanda ya taɓa shugabantar ta, ya kuma rasu a 1991.

2. Zamanin da gwamnati ke uwa da uba

Shekarun farko na jami'a sun zo daidai da bunƙasar kuɗin yuraniyom, wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971. Ɗalibai ba su da yawa, ƙasa kuma na matuƙar bukatar malamai da likitoci da malaman gona. Saboda haka gwamnati ta ɗauki ɗalibi tamkar ma'aikacin da ke jiran aiki. Ita ke zaɓa masa fannin da zai karanta, ta ba shi bursi, ta ba shi gado a site, wato unguwar kwanan ɗalibai da ke Harobanda a ƙetaren kogin Kwara, ta ciyar da shi a resto a kan kuɗi kaɗan, idan ya gama kuma ta tura shi aiki.

Ga ɗan manomi daga Gabi ko Safo wannan babban sauyi ne. Ya hau kar daga tashar Maraɗi, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya sauka a birnin da Zabarmanci ke gogayya da Hausa a kasuwa, ya tarar da abinci safe da rana da dare ba tare da ya yi aikin gidan kowa ba. Abin lura a nan shi ne alkiblar da kuɗi ke bi: daga ɗalibi suke tafiya zuwa ƙauye. Daga cikin bursi ake sayen turmin zane na uwa, a biya wa uba lanho, a taimaka da buhun hatsi a shekarar fari irin ta 1973 da 1974. Ɗalibi ya zama mai riƙe da gida tun bai karɓi albashi ba, kuma idan ya zo hutun damina akan tarbe shi da girmamawar da ake yi wa mushe ko ma'aikacin hukuma.

Nishaɗin wannan zamani ya yi kama da na ƙananan ma'aikata: ƙwallon ƙafa tsakanin sassan jami'a, karta, silima a cikin gari, rawar daren Asabar, da sauraren rediyo, musamman Muryar Sahel da sashen Hausa na BBC. Gasar kokowa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ta ba ƴan jihar abin alfahari da abin tsokanar ƴan sauran jihohi. Akwai kuma karatun siyasa: littattafan Markis da Lenin da Mao da Fanon na yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, USN, wadda aka kafa a 1960, ita ce makarantar koyon magana a gaban jama'a. Tun da gwamnati ce mai ciyarwa, ita ce kuma abokiyar rigima. A ƙarƙashin mulkin soja na Seyni Kunce, wanda ya karɓi iko ranar 15 ga Afrilu 1974, rigimar ta kai ƙololuwa a watan Mayu 1983, lokacin da aka kwashi ɗalibai zuwa barikin Tondibiya, inda ɗaya daga cikinsu, Amadu Bubakar, ya rasa ransa.

3. Zamanin tsuke bakin aljihu

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi. Nijar ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya a 1986. Ga mutanen Madarunfa wahalar ta zo ta fuska biyu, domin fari na 1984 ya haɗu da rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, har jama'a suka sa wa yunwar wannan lokaci sunan El Buhari. A jami'a kuwa yawan ɗalibai ya ƙaru, gine-gine ba su ƙaru daidai da shi ba, ɗaukar aiki kai tsaye ya tsaya, bursi ta fara makara.

Zanga-zangar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ta taso ne a kan wani shirin gyaran ilimi da aka tsara tare da Bankin Duniya, wanda ya ƙunshi rage abin da ake kashewa a kan ɗaliban jami'a. Jami'an tsaro sun buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Abin da ya biyo baya sananne ne: amincewa da jam'iyyu da yawa a watan Nuwamba 1990, da Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda malamin tarihi na jami'ar, Farfesa André Salifou, ya shugabanta, USN kuma ta zauna a cikinsa a matsayin ɓangare mai cikakkiyar murya. Muna so mu jaddada cewa tushen wannan gwagwarmaya ta dimokuraɗiyya yana cikin kwanon abinci da kuɗin aljihu. Faɗin haka ba rage darajarta ba ne; da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dimokuraɗiyya ba ta cika kwanon ba. A cikin shekarun 1990 baitulmali ya bushe, ma'aikata da ɗalibai suka riƙa bin gwamnati bashin watanni, aka yi shekarun da karatu ya lalace gaba ɗaya, waɗanda ake kira farar shekara. Karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, inda faran ɗin Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin littafi da magani da duk abin da ake shigowa da shi. Digirin da ya kamata a gama cikin shekara huɗu ya riƙa cin shida ko bakwai.

A nan ne alkiblar kuɗi ta juya. Ɗalibin da ke aika wa gida ya koma mai jiran saƙo daga gida: buhun gero, garin rogo, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, ƴan jikkuna a cikin wasiƙa, a hannun direban kar ko ɗan kasuwar da ke zuwa Yamai. Masu ƙarfin hali sun shiga koyarwa a makarantu masu zaman kansu ko a gidajen masu hali. Wasu kuma, da yake ƴan bakin iyaka ne, sun riƙa amfani da hutu suna ɗauko ƙananan kaya daga Jibiya da Katsina da Kano, su sayar wa abokan karatu. Wasu iyayen ma sun gwammace su tura ƴaƴansu jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, waɗanda suka fi Yamai kusa da gida, ko Jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986.

4. Ƴan gari ɗaya, fada da allo

Da gwamnati ta ja baya, abin da ya maye gurbinta shi ne zumunci. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin yanki ɗaya, waɗanda a da aikinsu bai wuce shirya wasan ƙwallo da daren al'adu a lokacin hutu ba, sun zama masu tarbar sabon ɗalibi a tasha, su nuna masa inda ake rajista, su nema masa wurin shimfiɗa. Ɗakin da aka gina don mutum biyu ya riƙa ɗaukar ninkin haka ko fiye. Daga baya rumfunan da ɗalibai suka kakkafa a kewayen site, kowace da yankin da ta tara, suka samu sunan ambasad, wato ofishin jakadanci, sunan da ke ɗauke da raha da kuma gaskiya. A cikin site kwamitin ƙungiyar ɗalibai mai kula da jin daɗi da oda, CASO, shi ke tsara layin abinci da na shiga bas.

Ladabin gida bai ɓace a wannan zama ba. Ko da yake a taron ƙungiya kowa kamarad ne, a ɗaki sabon zuwa na kiran wanda ya girme shi yaya, shi ke wanke kofunan shayi, shi ake aike. A madadin haka yayan ya ba shi tsofaffin takardun darasi da tambayoyin jarrabawar bara, ya gaya masa halin kowane malami. Wannan gado na takardu na da muhimmanci, domin littattafai sun yi ƙaranci, darasi kuma yawanci shifta ce: malami na faɗa da Faransanci, ɗalibai na rubutawa. Da dare ƙungiyoyin bita kan taru a gaban allon siminti a ƙarƙashin fitila, kuma a nan Hausa ke dawowa, a warware da ita abin da aka ji da Faransanci da rana. Wannan aiki da harshen gida ya yi a ɓoye wajen fitar da likitoci da injiniyoyi ya cancanci nazari na musamman daga sashenmu.

Fada, wato majalisar samari masu dafa shayi, ta bazu a biranen Nijar a cikin shekarun 1990, daidai lokacin da zaman jira ya yi yawa. Adeline Masquelier ta yi littafi a kanta a 2019, bisa binciken da ta yi a Dogon Dutsi da wasu garuruwa. A wurin ɗalibi fada ta haɗa abubuwa da yawa: karo-karon kuɗin sukari da gawayi, belot da sikirabul, gardamar siyasa, da kaset. A rediyo ɗaya za a ji Shata da Ɗan Anace, a ji waƙoƙin gasar Ɗan Gurmu, a ƙarshen shekarun kuma a ji rap na ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia. Littattafan soyayya da finafinan Kano sun shigo ta hannun ƴan Maraɗi kafin su game sauran ɗakuna. A gefe guda masallacin site ya ƙara cika, ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suka yi ƙarfi, muhawarar Izala da ɗariƙa da ta ratsa Maraɗi ta biyo ƴaƴanta har Yamai. Ɗakin da a da ake gardama a kan Mao ya koma ana gardama a kan bidi'a, wani lokaci ma mutanen ba su sauya ba.

Dole mu faɗi wanda wannan tsari ya bari a baya. Zaman cunkoso da kwanan rumfa da dogon jira abubuwa ne da iyaye ƙalilan za su yarda ƴarsu ta shiga, balle a yankin da ake aurar da ƴan mata da wuri. Ɗalibar da ta kai Yamai daga ƙasar Madarunfa galibi ƴar ma'aikaci ce ko mai dangi a birnin. Haka nan ɗan talakan da ba shi da wanda zai aiko masa da gero, sau da yawa ya ajiye karatu ya karɓi aikin koyarwa na kwantaragi.

5. Jami'a ta zo gida

A shekarar 2010, lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a kan harsashin cibiyoyin koyon fasaha da aka buɗe a waɗannan birane ƴan shekaru kafin nan. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Maraɗi ta ɗauki sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyya, tsohon ministan ilimi. Ta ƙunshi sassan aikin gona da muhalli, kimiyya da fasaha, da kiwon lafiya. Akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu, kamar ta Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, wadda ta jawo ɗalibai da yawa daga Najeriya.

Ga ɗan Madarunfa wannan ya sauya abubuwa uku. Na farko, gida ya zama resto na biyu: ana iya zuwa ranar Juma'a da yamma a kan babur, a dawo ranar Lahadi da ƙullin gari. Tsohon tsarin mai masauki na zamanin lise ya dawo, tare da hayar ɗaki a unguwanni, mutum uku ko huɗu su haɗa tukunya. Na biyu, ƙofar ta ɗan ƙara buɗewa ga ƴan mata, tun da uba na iya sanin inda ƴarsa ta kwana. Na uku, ƙasarsu ta zama abin nazari: gonakin ban-ruwa na Jiratawa, dajin Baban Rafi, tabkin Madarunfa da gulbin Maraɗi sun zama wuraren da ɗaliban aikin gona ke fita gwaji da rubuta kundin kammala karatu, wani lokaci a gonar da mai binciken ya yi noma yana yaro.

Kusanci na da nasa nauyi. Ɗalibin da ke kusa ba ya tsira daga biki da jana'iza da aikin gona, kuma ba ya samun cuɗanyar da tsofaffin ɗaliban Yamai suka samu da ƴan Gaya da Agadas da Gigimi a ɗaki guda, ko da yake rarraba ɗalibai bisa fanni na kawo baƙi Maraɗi, yana kuma kai masu son lauya ko adabi wasu biranen. Dogaro da rumbun gida na nufin duk abin da ya taɓa rumbun ya taɓa karatu. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa da suka addabi ƙauyukan bakin iyaka tun wajen ƙarshen shekarun 2010, da rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, duk sun shiga kwanon ɗalibi. Wayar hannu ta maye gurbin wasiƙa da direban kar, takardun darasi na yawo ta WhatsApp, ana kallon ƙwallon Turai a gidan kallo, amma butar shayi da layin jiran bursi suna nan. Mutuwar ɗalibi Malla Bagale a Yamai ranar 10 ga Afrilu 2017, a wata zanga-zanga kan halin zaman ɗalibai, ta nuna cewa tsohuwar tambayar ba ta samu amsa ba.

Kammalawa

Mun ga zamani uku. A na farko gwamnati ta ciyar da ɗalibi, shi kuma ya taimaki ƙauye. A na biyu ƙauye da ƴan gari ɗaya suka ɗauki abin da gwamnati ta sauke. A na uku jami'a ta matso kusa da rumbu, nauyin ya ƙara komawa kan iyaye, ko da yake bursi da resto ba su gushe ba. Darasin da muke ɗauka shi ne cewa buɗe jami'a a kusa bai isa ya daidaita dama tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka ba, muddin ci da kwana na rataye a kan abin da damina ta bayar.

Saura aiki a gabanmu. Takardun hukuma na ba da lissafin ɗalibai da kasafin kuɗi, amma ba su faɗin wa ya kwana a ɗakin wa. Wannan tarihi na cikin littattafan taro na ƙungiyoyin ƴan gari, da tikitin resto, da wasiƙu, da hotuna, da kaset, da kuma bakin waɗanda suka shiga jami'a a shekarun 1970, waɗanda yanzu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundi, musamman ƴan Maraɗi, da su fara da ƙauyukansu: su tattara sunayen waɗanda suka fara zuwa jami'a, su zanta da su da Hausa, su kuma nemi matan cikinsu tun da farko. Muna maraba da gyara da ƙarin bayani daga abokan aiki.